Asalin Sunan Smith: Jikokin Maƙeran Ingila

Duk wanda ya yi hulɗa da Turawan Ingila, da wuya a ce bai gamu da sunan Smith ba. Babu sunan zuriya da ya kai shi yawa a Ingila. Haka kuma a Amurka, inda ƙidayar 2010 ta sami mutum fiye da miliyan 2 masu amsa shi. To, ina asalinsa?

A tsohon Ingilishi ma'anar kalmar ita ce maƙeri. Da can kowane mutumin Ingila suna ɗaya gare shi, sai a haɗa masa da laƙabin sana'arsa, ko garinsu, ko sunan ubansa, don a bambanta shi da takwarorinsa. Laƙabin nan kuwa da mai shi ake binne shi.

Al'amarin ya sake ne bayan da William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi cikin 1066. Hakimansa suka fara bar wa 'ya'yansu suna tare da gadon ƙasa, sannu a hankali talakawa suka bi sawu. Kafin wajen 1400 yawancin gidaje sun sami sunan gado. Cikin 1538 kuma Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza. Da haka ɗan maƙeri ya zama Smith, ko da bai taɓa riƙe masaba ba.

Dalilin yawan sunan a fili yake. Babu ƙauyen da zai zauna ba maƙeri, domin shi ke ƙera bakin garma da lauje da takalmin doki, in yaƙi ya taso kuma ya ƙera takobi. Saboda haka masu sunan ba kaka ɗaya suka haɗa ba, maƙera dubbai ne suka haife su. A Amurka kuwa waɗansu Jamusawa masu suna Schmidt sun mai da nasu Smith, bayi da yawa kuma sun ɗauki sunan iyayengijinsu. Ko Larabawa ma suna da takwaransa, watau Haddad.

Sunan ya iso nan ƙasar. Sir Bryan Sharwood Smith, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe, ya yi Gwamnan Jihar Arewa har 1957. Akwai kuma marigayi Farfesa Abdullahi Smith, Baturen da ya musulunta, ya kafa Gidan Arewa a Kaduna cikin 1970 domin adana tarihi.

Abin lura a nan shi ne, rubutu ne ya riƙe wa talakan Ingila asalinsa, har jikansa na yau ke iya bin salsalarsa shekaru ɗaruruwa. Mu nan sunan uba muka fi amsawa, ko na gari, sai ka tarar mutum bai san wanda ya haifi kakansa ba. Mai tsoho a gida ya ɗauki alƙalami ya tambaye shi tun yana da rai.