Amai Da Gudawa: A Yi Hattara Da Maganin Kemis

Daga Agege har Sabon Badun, da zarar yaro ya soma amai da gudawa, sai uba ya nufi kemis neman maganin tsayar da amai. To, 'yan'uwa, a yi hattara.

Phenergan yana sa barci mai nauyi, yana iya danne numfashi, shi ya sa aka hana ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Maxolon kuwa yakan sandarar da wuya, idanu su kakkafe, har a zaci iskoki ne. Ondansetron ne likitoci suka fi amincewa da shi. Galibi sau ɗaya suke bayarwa, don yaro ya iya riƙe abin sha.

Ƙarewar ruwan jiki ita ke kashe yara. A zuba sukari cokalin shayi 6 da gishiri rabin cokali cikin lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In ya amayar, a dakata minti 10, a ci gaba. Kada a hana shi nono.

In idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ko fitsari ya ɗauke, sai asibiti, ko da tsakar dare ne.