Bayyana Buƙata da Fifiko a Faransancin Yau da Kullum: Duba ga Bahaushe Mai Koyo

1.0 Gabatarwa

Duk da cewa a shekarar 2025 hukumomin Nijar sun ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci bai gushe ba yana cikin harsunan aiki. Saboda haka ɗan kasuwa ko ɗalibin da ya tashi daga Katsina zuwa Maraɗi ko Yamai zai ci karo da shi a asibiti da banki da ofis. A irin waɗannan wurare, abin da ya fi damun baƙo shi ne ya faɗi abin da yake buƙata, da wanda ya fi masa gaggawa. Wannan maƙala ta duba yadda Faransanci ke bayyana waɗannan ma'anoni, da inda Hausa ke taimaka wa mai koyo ko ta ruɗe shi.

2.0 Bayyana Buƙata

Akwai manyan hanyoyi uku. Ta farko ita ce *avoir besoin de*, wadda ta yi daidai da "ina buƙatar". A duk harsunan biyu suna ne ke ɗauke da ma'anar, kuma mahaɗi ne ke sada shi da abin da ake buƙata: *j'ai besoin d'eau*, "ina buƙatar ruwa". Aikin da *de* ke yi shi ne -r ke yi a Hausa.

Ta biyu ita ce *il faut que*, wato "dole" ko "sai". Masu koyo kan ji tsoron sigar aikatau da ke biyo bayanta, alhali Hausa na da makamanciyarta.  Bahaushe kan ce "dole in tafi" idan tafiyar ba ta auku ba. Haka Faransanci ke cewa *il faut que je parte*, ba *je pars* ba.

Ta uku ita ce *vouloir*, kuma a nan ne tuntuɓe ya fi yawa. "Ina son magani" magana ce mai kyau a Hausa, musamman in an gabatar da sallama da "don Allah". Amma *je veux*, fassararta ta kai tsaye, na iya zama kamar umarni a kunnen ma'aikaci. Sigar ladabi ita ce *je voudrais*. Ke nan Hausa kan ɗora ladabi a kan gaisuwa da kalmomin roƙo, Faransanci kuwa har cikin aikatau yake shigar da shi.

3.0 Bayyana Fifiko

Hausa na gina fifiko da aikatau "fi": "na fi son shayi". Faransanci na da *préférer*, wadda ma'anar "fi" ke cikinta tun asali. Shi ya sa *je préfère plus* kuskure ne, domin maimaici ne. "Gara" da "gwamma" kuwa, *il vaut mieux* ce takwararsu. Wajen jera buƙatu, *d'abord* na nufin "da farko", *ensuite* "sannan", *avant tout* kuma "kafin komai". Majinyacin da ya iya cewa *d'abord, j'ai besoin de voir le médecin* ya tsira daga ɓata lokaci a layin da ba nasa ba.

4.0 Kammalawa

Wannan kwatance ya nuna cewa Bahaushe na zuwa ajin Faransanci da jari a hannu. Hatta bambancin *tu* da *vous* ba baƙo ba ne ga wanda ya saba ce wa dattijo "ku". Abin lura shi ne, a Nijeriya galibi ta Ingilishi ake koyar da Faransanci, harshen da ba ya bambanta "kai" da "ku". Ya kamata masana Hausa su samar da littattafan da za su sada harsunan biyu kai tsaye, domin mai koyo ya fara da abin da ya riga ya sani.