Muhimmancin Layin Haɗi a Zanen Matakai da Bishiyar Harsuna: Misali Daga Harsunan Obi

1.0 Gabatarwa

Manazarcin harshe ba ya rabuwa da zane, ko dai bishiyar li'irabi, ko ta dangantakar harsuna, ko kuwa zanen matakai, wato wanda ke nuna yadda aiki ke gudana daga farko zuwa ƙarshe. A yau da yawa daga cikin waɗannan zane-zane da manhajar PowerPoint ake yin su, wadda ta fara fitowa a 1987. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake haɗa siffofi da layi a cikin manhajar, tare da nuna cewa layin da bai kama siffarsa ba yana iya jirkita ma'anar zane baki ɗaya.

2.0 Layi a Matsayin Magana

Tun a 1921 Frank da Lillian Gilbreth suka gabatar wa injiniyoyin Amurka zanen matakan aiki. A tsarin da aka saba da shi yanzu, siffar ƙwai tana nuna farawa ko ƙarewa, akwati yana nuna aiki, siffar lu'ulu'u kuwa tana nuna tambayar da amsarta ke raba hanya. Sai dai layi ne ke faɗin abin da ya biyo wani, ko abin da ya tsiro daga wani. Ke nan, kowane layi magana ce da mai zane ya yi.

A Ƙaramar Hukumar Obi ta Jihar Nasarawa ana magana da Alago da Tibi da Hausa. Bisa rabon da ake bi tun daga aikin Joseph Greenberg na 1963, Hausa tana cikin harsunan Cadi na dangin Afro-Asiya, kuma Gwandara, wanda shi ma ake ji a jihar, shi ne ɗan'uwanta mafi kusa. Alago kuwa, ɗan'uwan Idoma, da shi da Tibi suna dangin Nija-Kongo. Bayan aiki ya kawo ni Lafiya, wani ɗalibina ɗan Obi ya zana wannan bishiya, sannan ya matsar da akwatunan don ya sami fili, layukan kuma suka tsaya a inda suke. Da aka haska zanen a majigi, sai ga layin Cadi ya sauka a kan Alago. Ɗalibin ya san harshen iyayensa sarai, amma zanensa ya faɗi abin da bai nufa ba.

3.0 Yadda Ake Haɗa Siffofi

Maganin wannan matsala shi ne layin haɗi, wanda ke ɗaure wa siffa. Iri uku ne: miƙaƙƙe, da mai gwiwa, da lanƙwasasshe. Ga matakan:

(a) A shiga Insert, a zaɓi Shapes, a ɗauki layin da ake so.

(b) A kai linzami kan siffar farko, wasu ɗigogi za su bayyana a gefenta. Akwati yana da huɗu, ɗaya a tsakiyar kowane gefe.

(c) A danna ɗigo ɗaya, a ja layin har ya sauka a kan ɗigon siffa ta biyu, sannan a saki.

(d) A gwada ta hanyar jan siffar. In layin ya bi ta, ya kama. In ya tsaya, sai a sake.

A sababbin fitowar manhajar, bakin layin da ya kama yakan nuna koren ɗigo. Layi mai gwiwa ya fi dacewa da zanen matakai, miƙaƙƙe kuwa da bishiya.

4.0 Kammalawa

An ga cewa layin da aka ɗora kusa da siffa daban, wanda aka ɗaura mata daban, ko da yake ido ba ya bambanta su sai an motsa siffar. Saboda haka ya kamata malamai su riƙa duba layukan zanen ɗalibai kamar yadda suke duba jimlolinsu, su kuma koya musu gwajin jan siffa kafin su tsaya gaban jama'a.