DUTSEN ZUMA NA NAN, AMMA INA TSUNTSAYENSA?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk matafiyin da ya baro Zuba ya nufi Kaduna, tun bai gama fita daga cunkoson motocin Madalla ba zai hangi Dutsen Zuma tsaye a gabansa, sumul kamar an kife tukunya. Tsayinsa daga gindi zuwa ƙololuwa ya kai wajen mita 300, watau kusan ƙafa 1,000. A shekarar 1999 da aka fitar da takardar Naira 100, hoton Cif Obafemi Awolowo aka sa a gaba, hoton wannan dutse kuma a baya. An sha yin gardama a kan ko dutsen na Abuja ne ko na Jihar Neja, alhali kuwa a ƙasar Neja yake. Abin da ba a cika yin gardama a kansa ba shi ne wanda zai kula da dajin da ke gindinsa, da tsuntsayen da ke cikin dajin.

Mai karatu zai iya cewa dutse ai dutse ne, me zai same shi? Gaskiya ne, dutsen kansa ba ya ciwo. Amma irin waɗannan duwatsu na ƙasarmu gidaje ne na tsuntsaye masu yawa. Shaho da hasbiya da tsattsewa su kan yi sheƙa a tsaguwar dutse inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kazar dutse da fakara su kan ɓuya a ƙananan duwatsu da ciyayin gindinsa. To, dutse wurin kwana ne kawai. Abinci kuwa, watau ƙwari da 'ya'yan itace da ƙwayar ciyawa da ɓeraye, duk a dajin ƙasa yake. In aka share dajin, an bar tsuntsu da ɗaki ba rumbu, dole ya yi ƙaura.

DA DA YANZU

A da can akwai abin da ke tsare wannan daji. Littafin tarihin Abuja da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta ya ba da labarin ƙurmin da ya kewaye dutsen, da wani ƙauyen Koro da ke cikinsa, da yadda mutane ke shakkar kusantar wurin. Ba mu ce a koma wa tsafi ba, Allah Ya kiyaye. Amma ya kamata a lura, wannan tsoron shi ne ya zama shinge, ya hana gatari shiga.

Abuja ta wancan littafi ita ce Suleja ta yau. A 1976 aka yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, aka karɓi sunan Abuja aka ba shi, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. A watan Disamba na 1991 gwamnati ta taso daga Ikko. Tun daga nan ƙaramin ma'aikacin da kuɗin hayar Abuja ya fi ƙarfinsa sai ya nemo ɗaki a Madalla ko Suleja, ya riƙa sammako kullum. Ana ta yanka filaye, ana buga bulo, ana saran itacen girki da na gawayi, da rani kuma a cinna wa daji wuta saboda farautar gafiya. Tsoro ya tafi, ba a kuwa kafa wani shinge a madadinsa ba. Ba laifin talaka ba ne don ya nemi wurin kwana da abin hura wuta. Laifin na rashin tsari ne.

INA UNGULU?

Wanda ke son shaida, ya je mayanka. Duk wanda ya yi wayo a Arewa shekaru 30 da suka wuce ya san ba a yanka saniya ungulu ba ta hallara ba. Yau sai ka zaga mayankar gari sukutum ba ka ga ko ɗaya ba. A 2015 ƙungiyar duniya mai lissafin halittun da ke neman ƙarewa, watau IUCN, ta sa wannan ungulu tamu cikin jerin waɗanda suka fi kusa da ɓacewa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ana kashe ta da guba ana sayar da kanta da ƙafafunta ga masu neman asiri. Ga shi kuma a kan dogayen itatuwa irin su rimi take sheƙa, ƙwai ɗaya tak take yi a lokaci guda. In an sare itacen, an yi asarar haihuwar shekara.

Kada a ɗauka wannan hasarar ungulu ce ita kaɗai. Ita ce mai kwashe mushe kyauta tun bai ruɓe ya jawo cuta ba. A ƙasar Indiya, wani maganin da ake yi wa shanu allurarsa mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayensu daga wajen 1990 zuwa gaba, sai karnukan banza suka samu mushe suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

ABIN KOYI DAGA JOS

Ba sai mun je Ingila neman misali ba. Kusa da Jos, a ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, duwatsu ne da ƙurmi, faɗinsa bai wuce hekta 300 ba. Da yardar mutanen ƙauyen aka keɓe shi, tare da Gidauniyar Kiyaye Muhalli ta Nijeriya, watau NCF. A 2001 aka kafa cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a wurin, ƙarƙashin Jami'ar Jos. An ƙidaya tsuntsaye kusan iri 300 a wannan ɗan wuri, har da wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu mai zaman duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar irinsa daban ne. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka suna zuwa karatu, 'yan ƙauyen kuma sun samu aikin gadi da rakiyar baƙi.

Da aka fitar da jerin wurare 27 mafi muhimmanci ga tsuntsaye a Nijeriya, Amurum na ciki, tare da manyan wurare irin su Gashaka-Gumti a Jihar Taraba, inda tsaunin Chappal Waddi mai mita 2,419 yake, wanda ya fi kowane tsauni tsawo a ƙasar nan. Zuma ba ya ciki. Amma rashin shiga jeri ba lasin ba ne na a sare.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja da Masarautar Suleja su zauna da mutanen Madalla da ƙauyukan kewaye, a auna fili kewaye da dutsen a kafa duwatsun iyaka, a hana gini da sara da ƙuna a cikinsa. A hana fasa dutse kusa da shi, kada ya zama kamar Mpape. A gayyato masanan Jos su ƙidaya abin da ya rage, a ɗauki 'yan gari aikin gadi, malaman firamare kuma su riƙa kai yara su ga tsuntsu da idonsu. Dokar kare namun dajin da ke neman ƙarewa tana nan tun 1985, aiki da ita ya rage.

Dutse ba zai gudu ba, jikokinmu za su tarar da shi. Ko za su tarar da shaho na shawagi a kansa, wannan kam yana hannunmu. Allah Ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.