An toshe TikTok a akwatin wifi na gida, amma yaro na ci gaba da kallo: ina matsalar take?

Akwatin wifi ya shiga gidaje da shaguna da yawa a nan Gaya, wasu da pus ɗin Airtel, wasu Moov Africa, Zamani ko Niger Telecom. Kuka biyu muke yawan ji a kansa. Maigida ya ce ya toshe TikTok don yaro ya yi karatun BEPC, amma forfen wata ya ƙare cikin sati guda. Ɗan kasuwa kuma ya ce garin toshe shafi ɗaya sai ga WhatsApp ɗinsa ya mutu, ga shi yana jiran saƙon kaya daga Malanville ko Kamba. To, bari mu bi abin a hankali.

Da farko ku juya akwatin, akwai takarda manne a ƙasansa mai ɗauke da lambar shiga. Na Huawei galibi 192.168.8.1 ne, wasu 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Ita za ku rubuta a Chrome, kuna kan wifi ɗin. In har kodin shiga yana nan “admin” yadda ya zo daga kanti, ku canza shi yanzu. Yaron da kuke wa shinge ya fi ku sanin wannan kalma.

Matsalar ɗan kasuwa ta fi sauƙi. A wurin da aka rubuta Contrôle parental ko Filtre akwai zaɓi biyu: liste noire da liste blanche. Ta farko tana hana abin da kuka rubuta kaɗai. Ta biyu tana hana komai sai abin da kuka rubuta. Wanda ya danna ta biyu bisa kuskure ya rufe intanet gaba ɗaya, ya bar TikTok ɗin da yake gudu a buɗe. Ku mayar da ita baƙa, ku danna Appliquer, shi ke nan.

Ta maigida ita ce mai tsawo. Akasarin shafuka yanzu da https suke aiki, wato saƙon a kulle yake tafiya, akwatin sunan gidan kawai yake gani, ba ya ganin ɗakin da aka shiga. Saboda haka dogon adireshin bidiyo ɗaya da kuka kwafo ba ya toshe komai. Gajeren suna ake sawa, kamar tiktok.com. Kuma shi ma bai isa ba, domin manhajar da ke cikin waya ba ta wannan ƙofa take bi ba. Bidiyon YouTube daga googlevideo.com yake zuwa, hotunan Facebook daga fbcdn.net, TikTok na amfani da tiktokcdn.com da tiktokv.com. Kun ga an kulle ƙofar zaure, ta bayan gida na buɗe.

Sai maganar agogo, wadda a ganinmu ta fi shafar mu nan. Kun sa dokar wifi ya tsaya wa yara ƙarfe 22 zuwa 6 na safe. Kuran ya ɗauke, ya dawo. Ƙananan akwatuna da yawa ba su riƙe lokaci in sun mutu, sai sun sake ɗauko shi daga intanet, kuma in rezo ya yi rauni sai agogon ya zauna a karkace. Ku duba ku ga an zaɓi GMT+1, lokacin Nijar, wanda ɗaya ne da na Benin da Najeriya.

Akwai kuma wayon da ke cikin wayar kanta. Akwatin yana gane kowace waya ne da wata lamba mai suna MAC. Tun daga Android 10 da iOS 14, waya na iya nuna lambar aro maimakon tata ta asali. Yaro ya sauya wannan saiti, akwatin ya ɗauke shi baƙo, dokar ta faɗi. Maganinsa a nan ne liste blanche ke da amfani: a sashen Filtre MAC ku rubuta wayoyin gida kaɗai, duk wata sabuwa ta tsaya waje. Amma don Allah ku fara da taku, kar ku kulle kanku.

Ga wanda damuwarsa hotunan batsa ne, bin shafuka ɗaya bayan ɗaya ɓata lokaci ne. Ku nemi wurin DNS ku sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na kamfanin Cloudflare, kyauta ne, suna tace irin waɗannan shafuka ga duk wanda ke kan wifi ɗin. Sai dai in an kunna DNS privé ko VPN a wayar yaro, ya zagaye shingen. Hakanan in ya kashe wifi ya kunna data a pus ɗinsa, balle a bakin kogi inda waya kan kama rezon Benin. Wannan ya fi ƙarfin akwatin. Sai a koma ga wayar, da manhaja irin Family Link ta Google, ko kuma ta kwana a ɗakin uwa.

Wani lokaci kuma laifin ba daga gidanku yake ba. Mun tuna yadda aka yanke intanet na wayar salula a Nijar kusan kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021, da yadda Najeriya ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Gwajin mai sauƙi ne: ku kashe wifi, ku buɗe shafin da data ta kamfanin da pus ɗin akwatin yake. In ya buɗe, gyaran na akwatinku ne. In ya ƙi, ku bar saiti ya huta.

In kuwa komai ya dagule, akwai ɗan rami a bayan akwatin da aka rubuta Reset. A danna da tsinke kamar daƙiƙa 10 yana kunne. Zai goge duk dokokinku, sunan wifi da kodi su koma na takardar ƙasa, don haka ku rubuta saitinku a littafi kafin ku taɓa shi.