Tsohon Ɗaurarre da Sana'ar Yankan Makulli

Duk wanda ya ratsa Fagge ya shiga Sabon Gari, lalle ya taɓa ganin masu yankan makulli a bakin kasuwa, kowa da ɗan teburinsa, da magagari, da inji, da makullai a rataye jere. Sana'a ce wadda ba ta cika ido ba, amma in an duba da kyau, dukiyar Kantin Kwari da ta Kasuwar Sabon Gari a bayan kwaɗo take kwana. Wanda ya iya buɗe kwaɗon da makullinsa ya ɓace, ya iya buɗe wanda mai shi ya tafi gida da makullin a aljihu. Don haka ne muka ga ya kamata mu duba wata tambaya mai wuya: mutumin da aka taɓa ɗaurewa shekaru da yawa da suka wuce, ya dace a bar shi ya kama wannan sana'a?

Bari mu fara da yadda abin yake a ƙasashen waje. A Amurka waɗansu jihohi, kamar Kalifoniya da Tekzas, ba su yarda mutum ya kafa sana'ar makulli ba sai da lasin. Kafin a ba shi, sai an ɗauki zanen yatsunsa an bincika ko ya taɓa yin laifi. Amma a 2018 Kalifoniya ta yi doka, wadda ta fara aiki a Yulin 2020, cewa hukumar ba da lasin ba za ta hana mutum saboda tsohon hukunci ba, sai in laifin ya shafi sana'ar da yake nema, kuma bai wuce shekara 7 ba. Manyan laifuffuka kaɗai aka ware daga wannan sassauci. A Ingila kuwa babu lasin gwamnati sam. Wata ƙungiya ce ta gwanayen sana'ar, wadda aka kafa a 1958, ke tantance 'ya'yanta. Har wa yau suna da doka tun 1974 wadda ta ce in an yi wa mutum hukunci, ya zauna lafiya har waɗansu shekaru, to, a yawancin al'amura sai a ɗauke shi kamar bai taɓa yi ba.

Mu nan Kano ba mu da lasin da aka keɓe wa mai yankan makulli. Abin da ake nema gare shi shi ne abin da ake nema ga kowane mai rumfa, watau izinin wurin zama da biyan kuɗin shiga ga ƙaramar hukuma ko hukumar kasuwa. Mai karatu zai ce ashe ke nan tsohon ɗaurarre ba shi da wata matsala. Ina! Lasinmu ba a takarda yake ba, a bakin mutane yake. Yaro ba ya koyon sana'a sai maigida ya karɓe shi. Ba a ba baƙo rumfa sai wani ya tsaya masa. Attajiri ba ya kiran mutum ya gyara masa ƙofar sito sai ya ji labarinsa. Tun zamanin da Sarkin Maƙera ke kula da maƙeran birni haka abin yake, kuma bai sake ba. Bambancin kawai shi ne, lasin takarda yana da ƙa'ida da wa'adi, amma na baki ba shi da ko ɗaya. Wanda ya taɓa kwana a Kurmawa ko Goron Dutse yana saurayi, sai ya yi furfura ana nuna shi da baki.

Ba mu ce masu tsoro ba su da hujja ba. Hausawa sun ce ba a ba kura ajiyar nama. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta lissafa buɗe kulle don shiga gidan wani cikin hanyoyin fasa gida, kuma wanda ya taimaka wa mai laifi da saninsa shi ma yana da nasa hukuncin. Mutumin da aka ɗaure bara saboda fasa kanti, in ya fito bana ya ce zai zauna gaban kantin nan yana yankan makulli, wanda ya yi ɗari-ɗari da shi bai yi zalunci ba.

Amma ba duk wanda ya shiga gidan yari ne kura ba. Wani faɗa ya kai shi, wani tarar da ya kasa biya, wani kuwa wautar ƙuruciya. Ga kuma abin da ya kamata malamai su lura da shi. Tsarin Mulki na 1999 ya hana wanda aka hukunta kan laifin rashin gaskiya tsayawa takarar majalisa, amma shekara 10 kaɗai. In sun cika, yana iya tsayawa, ya ci, ya zauna yana yi mana doka. To, in mai yin doka yana wankuwa cikin shekara 10, yaya mai magagari zai dawwama da tabo har kabari?

Gwamnati ma ta gane haka. A zamanin En'e kowace masarauta da gidan yarinta, sai a 1968 aka haɗe su duka a hannun Gwamnatin Tarayya. A 2019 aka yi sabuwar doka wadda ta mai da su gidajen gyaran hali. Dokar nan ta ɗora wa hukumar nauyin koya wa ɗaurarru ilmi da sana'a, ta kuma tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya nuna ya gyaru, ta ce kada a nuna wa mai wannan takarda bambanci saboda zaman da ya yi. Ban da wannan, Shugaban Ƙasa da Gwamna suna da ikon yin afuwa. Sai dai har yanzu ba mu da doka irin ta Ingila mai shafe tsohon hukunci da kanta, saboda haka abin da aka rubuta a rajistar 'yan sanda da ke Alagbon, a Ikko, yana iya biyo mutum duk ran da aka nemi takardar shaidar halinsa.

Ga shawararmu. Maigida ko shugaban kasuwa da irin wannan mutum ya zo wa, ya yi tambaya uku: wane laifi ne, shekara nawa ke nan, wa zai tsaya masa? In laifin bai shafi sata ba, ko ya daɗe ƙwarai kuma mai unguwa ya shaida zamansa, a karɓe shi. In ya shafi sata, a fara masa da aikin rumfa a gaban idon maigida, kada a tura shi gidajen mutane sai an ga kamun ludayinsa. Shi kuma mai nema ya faɗi gaskiya tun farko, ya kawo takardarsa in yana da ita, don abin da aka ɓoye in ya fito daga baya ya fi muni.

Sa'an nan akwai ƙa'idar da ta kamata ta hau kan kowa, mai tabo da marar tabo. Kada a yanka makulli daga zane ko hoton waya, sai an ga makullin kansa. Kada a buɗe ƙofar gida ko ta mota sai an tabbata mai kiran shi ne mai ita, da maƙwabci ko mai gadi a tsaye. A ajiye littafi, a rubuta sunan wanda aka yi wa aiki da rana. Wannan shi zai tsare dukiyar jama'a, domin sau da yawa makullin da ya yi ɓarna ba daga hannun tsohon ɗaurarre ya fito ba, daga hannun yaron gida ne wanda ba a taɓa zarginsa ba.

Akawunan ƙananan hukumomi su ne masu rubuta takardun rumfa, malaman makaranta kuwa su ake zuwa wa neman shaida. Muna roƙonsu su auna kowa da halinsa na yau. Mutumin da aka rufe wa ƙofar sana'a, da wuya bai koma ƙofar da ya baro ba. Allah ya sa mu dace, amin.