Gidan Rina: Yadda Za Ka Cire Shi Ba Tare da Ka Kwana a Asibiti Ba

Wata safiya da hunturu aka kawo mana wani saurayi daga wani ƙauye kusa da Yendi, hannunsa na dama ya ƙone har gwiwar hannu. Rina ce ta yi gida a ƙarƙashin jinkar ɗakin mahaifiyarsa. Ya ɗaura tsumma a kan gora, ya jiƙa da kalanzir, ya kunna, ya miƙa. Iska ta kaɗa, jinka ta kama. Ɗakin ya ƙone tare da doyar da aka ajiye a gefensa. Na duba jikinsa kaf, harbin rina biyu kawai na samu. Ƙunar kuwa mun yi mako shida muna wanke ta.

Mai karatu, a aikina na fi ganin raunin da mutane suka jawo wa kansu wajen korar rina fiye da raunin harbinta. Shi ya sa nake so mu duba dabarun da ake yi a gidajenmu.

Da fari, ka san da wa kake faɗa. Zanzaro, mai gina ɗan tulun laka a bango ko bayan ƙofa, shi kaɗai yake zama, kuma da wuya ya harbi mutum. Ka kankare lakar da wuƙa, magana ta ƙare. Rina ce ke zama jama'a, a gida mai ramuka kamar saƙar zuma, rataye a bakin kwano, cikin rumbu, ko a reshen mangwaro da kaɗanya. Ba kamar ƙudan zuma ba, rina ba ta barin ƙarinta a jikinka, don haka guda ɗaya tana iya harbinka sau da yawa. Idan aka taɓa gidan, sukan saki wani wari da ke tayar da sauran.

Wuta ita ce dabara mafi muni. Daga Disamba zuwa Maris jinka, zana da karan rumbu sun bushe ƙayau. Fetur ya fi kalanzir haɗari, domin tururinsa yana bin ƙasa ya tarar da garwashin kurfoti ko murhu, ya kama tun ba ka ƙyasta ashana ba. Samarin da ke fesa maganin sauro na gwangwani suna kunna masa wuta su sani gwangwanin yana iya fashewa a hannu.

Sai maganin feshin gona. A yankin Bawku, inda ake noman albasa da rani, kusan kowane gida akwai ragowar kwalba, kuma hannu yakan kai gare ta. Idan ka fesa sama, a fuskarka yake sauka. Idan a ɗaki ne, yara za su kwana suna shaƙa. Idan a rumbu ne, ya shiga geron da za ku ci. Wanda gubar ta kama yakan yi ta zubar da miyau da gumi, ya yi amai, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi ya yi wuya. A cire masa rigar, a wanke jikinsa da sabulu, a kawo shi tare da kwalbar don mu san abin da ya shaƙa.

Tafasasshen ruwa kanka yake dawowa. Jifa da danƙo kuwa aikin yara ne, kuma ƙaramin da bai iya gudu ba shi ke shan harbin. Ku tsawata musu.

To, me za a yi? Idan gidan yana can saman itace, nesa da hanya da wurin wasan yara, ka bar shi. Rina tana kama tsutsotsin da ke cin ganyen masara da wake ta ciyar da 'ya'yanta, manomi yana cin moriyarta. Idan kuwa a bakin ƙofa ne ko makewayi, ka cire shi tun yana ƙarami, bai wuce tafin hannu ba. Ka zuba cokali 3 na sabulun ruwa a lita 1 na ruwa, cikin abin feshi mai tsabta. Ƙwaro yana numfashi ne ta wasu ƙananan ƙofofi a gefen jikinsa, ruwan sabulu yana toshe su, yana kuma jiƙa fukafukai. Ka yi aikin da asuba, lokacin da suke lafe a gida saboda sanyi. Sa riga mai dogon hannu, wando, takalmi rufaffe, ka naɗe wuya da fuska. Kowa ya shiga ɗaki, a ɗaure awaki nesa. Kada ka riƙe tocila a hannu, haske suke bi. Ajiye ta gefe guda. Ka jiƙa gidan sharaf, ka ja da baya. Washegari ka ture shi da sanda ka binne.

Kada ka hau tsani ko kujera. Harbi ɗaya ya isa ya sa ka saki hannu. Gidan da ya yi girma, ko yake cikin silin, ka nemi shawarar 'yan kwana-kwana ko malamin gona. Wanda kuma ya taɓa kumbura jiki duka bayan harbi, ko mai asma, kada ya kusanci wannan aiki sam.

Idan an yi harbin, a wanke da sabulu, a ɗora leda mai ruwan sanyi, a cire zobe ko awarwaro kafin wurin ya kumbura. Farasitamol yana rage zafi. Kada a tsaga, kada a shafa kalanzir ko kashin shanu. Kumburin wuri ɗaya yakan sauka cikin 'yan kwanaki.

Abin da nake roƙon ki riƙe, uwargida, tunda ke ce kike gida da yara, ke ce kuma kike fita tsintar kaɗanya da farkon damina, shi ne wannan. Idan cikin mintoci bayan harbi mutum ya fara ƙaiƙayi da borin jini ko'ina, leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta dishe, numfashi na fito, ko jiri ya ɗebe shi, ba lokacin jiƙo ba ne, ba kuma lokacin jiran maigida ya dawo kasuwa ba. Allurar adirenalin yake bukata, kuma a asibiti take. Ki kwantar da shi ki ɗaga ƙafafunsa. Idan numfashi ne ya tsananta, ya zauna. Kada a sa shi tafiya da ƙafa. A kira 112, ko a sa shi a motokin zuwa asibiti mafi kusa, na Salaga ne, na Yendi ko na Bawku. Haka nan wanda aka harba cikin baki ko maƙogwaro.

Wanda ya sha harbi fiye da 10, musamman yaro ko tsoho, a kawo shi ko da yana cewa lafiyarsa lau. Dafi mai yawa yana iya taɓa ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu. Ku lura da fitsarinsa: idan ya ragu, ko ya yi duhu kamar baƙin shayi, a dawo da shi a ranar, domin wani lokaci sai mun tura irin wannan Asibitin Koyarwa na Tamale.